Sanarwar Bayan Taron Malaman Harsuna da Fasaha Kan Koya wa Ɗalibai Magana a Bainar Jama'a

Mu malaman Hausa, Turanci, Larabci da na darasin Al'adu da Fasaha a ƙananan makarantun sakandare na wannan shiyya mun yi zaman ƙungiyarmu na ƙarshen zango, tare da shugabannin makarantu da wakilan iyaye. Mun tattauna yadda wasan kwaikwayo, muhawara da rera waƙa za su cire wa 'yan aji ɗaya zuwa uku fargabar tsayuwa gaban mutane.

ABUBUWAN DA TARO YA LURA DA SU

1. Yaron da ke jan tawagar tashe daga goma ga watan azumi, yana bi gida-gida yana ba manya dariya, shi ne wanda malam zai yi wa tambaya ya sunkuyar da kai, murya na rawa. Haka yarinyar da ke ba da waƙa a gaɗa. Da baiwarsu suka zo. Abin da ke rufe musu baki shi ne ihun 'yan aji, da bulala kan kuskure, da tilasta musu magana cikin harshen da bai zauna a bakinsu ba.

2. Wasu iyaye na fargabar kada wannan horo ya raba yara da kunya. Taro ya bambanta kunya da tsoro. Kunya tarbiyya ce, kuma tana tafiya tare da iya magana. Shaida ita ce musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986: yara maza da mata na zama gaban alƙalai da ɗimbin jama'a su yi karatu cikin natsuwa da ladabi, saboda sun sha bita kuma an saba sauraronsu.

3. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro shekara tara na karatu kyauta, ukun ƙarshe a ajujuwanmu. Manhajar hukumar NERDC ta haɗa kiɗa, zane da wasan kwaikwayo a darasi guda, amma cunkoso da ƙarancin ƙwararrun malamai sun mai da shi kwafar rubutu daga allo. Ɗalibi zai kawo ma'anar wasan kwaikwayo a jarrabawar BECE, alhali bai taɓa hawa dandamali ba.

4. Muna da abin koyi a gida. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi da sunan Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960, ya taɓa zama malami a makarantar Midil ta Bauchi. A can ma Malam Aminu Kano ya koyar, kuma ya rubuta wasannin kwaikwayo don farkar da jama'a. Ga kuma littattafai irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada, an bar su ƙura na ci.

MATSAYAR DA AKA CIM MA

1. Kowace makaranta ta keɓe darasi ɗaya a mako don aiki a aikace. 'Yan aji ɗaya su fara da tatsuniya, kacici-kacici da karin magana cikin ƙananan rukuni. 'Yan aji biyu su shiga wasan kwaikwayo da waƙa. 'Yan aji uku su yi muhawara da jawabi a taron safe.

2. A fara da harshen da yaro ya fi sakewa da shi, sannan a wuce zuwa Turanci da Larabci.

3. A daina maimaita fuskoki biyu ko uku a kowane biki. Malami ya riƙe rajista, ya tabbatar kowane ɗalibi ya tsaya gaban aji aƙalla sau biyu a zango. Mai tsananin nauyin baki ya fara da sanarwa ko gajeren matsayi a wasa.

4. An hana duka, zagi ko dariya ga wanda ya kakare. Gyara ya biyo bayan yaro ya gama, a fara da yaba abin da ya yi daidai. Mai in'ina a ba shi lokaci, kada a ƙarasa masa magana.

5. A ba 'yan mata dama daidai da maza. Duk bita a yi ta da rana, cikin makaranta, ƙarƙashin kulawar malama, kuma iyaye su san abin da wasan ya ƙunsa.

6. Za a shirya gasar muhawara da wasan kwaikwayo tsakanin makarantun shiyya sau ɗaya a shekara, a gayyaci iyaye da masu unguwanni.

7. Muna roƙon Ma'aikatar Ilimi da hukumar SUBEB su ɗauki malaman fasaha, su horar da waɗanda ke bakin aiki, su kuma sa makin aiki a aikace cikin gwajin zango.

Kowane shugaban makaranta zai kawo rajistar malamansa a zama na gaba, a ga yara nawa ne suka buɗe baki. Allah Ya yi wa yaranmu albarka.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakatariyar Ƙungiya