Martani: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Marubucin da ya ɗora wa matasa laifin manne wa waya, wai duk lalaci ne da rashin kamun kai, ya bar jaki yana dukan taiki.

Aza Raskin, wanda a 2006 ya ƙirƙiro shafin nan da ba ya ƙarewa komai jan da yatsa zai yi masa, da bakinsa ya bayyana nadama. A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Texas sun gano cewa waya a kan tebur, ko a kife take an kashe ƙararta, tana rage wa ɗalibi kaifin tunani. Bai ma taɓa ta ba fa!

Faransa ba ta tsaya wa'azi ba. A 2018 ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare. Malam marubuci ya koma ya sake nazari.