Yaron da Ya Iya Cewa "Na Tsaya"

'Yan'uwana malamai, a tarukan reshenmu mun saba tattauna albashi da ƙarin girma da ƙarancin kujeru a azuzuwa, kuma duk sun cancanci a tattauna su. Yau ina neman izininku in kawo maganar da wani zai ɗauka ta wasa ce, domin kuwa a kan wasa take. Ra'ayina shi ne mu koya wa 'ya'yanmu na gida da na aji wani ɗan wasan lissafi wanda aka gina a kan tambaya guda: in ƙara, ko in tsaya da abin da na samu? In ba mu koya musu amsa wannan tambaya da tsakuwa da 'ya'yan tsamiya ba, wasu za su koya musu da kuɗi.

Ga yadda wasan yake. Ana jefa ɗan ludo guda, mai fuska shida. Wanda layi ya zo kansa zai jefa, ya riƙe makin da ya fito, ya sake jefawa ya haɗa da na baya, iya son ransa. Duk lokacin da ya ce "na tsaya", sai a rubuta masa abin da ya tara, ya zama nasa har ƙarshen wasa. Amma in ɗaya ta fito kafin ya tsaya, duk abin da ya tara a wannan zagaye ya zube, layi ya wuce kan na gaba. Wanda ya riga kai maki 100 shi ya ci. Wani Ba'amurke mai suna John Scarne ne ya bayyana ƙa'idojinsa a rubuce a 1945, da sunan wata dabba da ba sai mun ambata ba, kuma malaman lissafi a ƙasashe da dama suna koyar da darasin yiwuwa da shi. Bambancinsa da ludon da muka sani a majalisu shi ne, a ludo ba a tambayarka ko za ka jefa. A nan kuwa shawarar tana hannunka a kowane jifa.

Abin da ya sa na ƙaunaci wasan shi ne, tambayarsa tana da amsa, kuma ɗan aji huɗu zai iya gano ta da kansa. Fuska ɗaya cikin shida ce ke zubar da abin da ka tara. Sauran biyar ɗin, wato 2 da 3 da 4 da 5 da 6, in aka haɗa su 20 ne. Saboda haka muddin abin da ke hannunka bai kai 20 ba, ribar da kake nema ta fi asarar da kake tsoro, sai ka jefa. Da zarar ka haura 20, asarar ta rinjaya, sai ka tsaya. Wanda ke tsayawa bayan jifa ɗaya kullum yakan tashi da maki 3 da ɗan ɗoriya a kowane zagaye, in aka yi raba-daidai. Mai tsayawa a 20 yakan tashi da kamar maki 8. Wanda ya ce shi ba ya tsayawa, rabonsa babu, domin ko ba jima ko ba daɗe ɗaya za ta fito. Jifa huɗu kawai a jere, damar tsallake su lafiya ba ta kai rabi ba: 625 ce cikin 1,296. Matsoraci ya samu kaɗan, makwaɗaici ya tashi a tutar babu, mai lissafi ya wuce su duka.

Mu mutanen Tambuwal da Kebbe wannan tambaya ba baƙuwarmu ba ce. Manomin albasa ya san ta. Lokacin girbi albasa tana araha. Wanda ya adana ta ya jira ta yi tsada yana iya cin riba mai yawa, amma kowane mako ruɓa tana cin rabonta. Mai kiwon rago don Babbar Salla ya san ta: ya sayar yau da farashin da aka taya, ko ya jira jajibiri, kasuwa ta cika ya komo da shi gida. Magabata sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, sun kuma ce in ba ka yi gudu ba ka yi sassarfa. Hikimar tana wajen sanin lokacin kowanne, kuma ba a haifar mutum da ita, koyonta ake yi.

Yanzu ga inda hatsarin yake. Cikin cacar da ta mamaye wayoyin matasa a Najeriya akwai wadda ake kira Aviator, wadda kamfanin Spribe ya fitar a 2019. Jirgi yana tashi a fuskar waya, kuɗin da aka zuba yana ninkuwa, mai wasa ya danna ya karɓa kafin jirgin ya ɓace, in ya makara ya rasa duka. Tambayar wasanmu ce sak, sai dai an cire mata amsa. Masu shi da kansu sun bayyana cewa cikin kowace naira 100 da aka zuba, 97 ce ke komawa ga 'yan wasa in aka haɗa su jimilla. Ko ka tsaya da wuri, ko ka daɗe, ukun nan tana fita daga aljihunka. Babu wata 20 da za a gano a nan. Tsayawar da ke da riba ita ce ƙin farawa. A 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a yankunansu. Duk wannan ya yi, amma ba a sa wa wayar da ke cikin aljihun ɗan shekara goma sha biyar kwaɗo. Yaron da ya saba tambayar "nawa zan samu, nawa zan rasa, sau nawa cikin nawa" shi ne zai iya gane tarkon.

Na san ƙorafi biyu da za a yi, kuma duka biyun masu nauyi ne. Na farko na addini ne. Hanin wasan nardu, wanda ake yi da irin wannan abin jefawa, ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim, mafi yawan malamai sun hana shi ko babu kuɗi a ciki, kuma da yawa sun haɗa ludo da shi. Ni malamin firamare ne, fatawa tana da masu ita. Abin da zan ce shi ne, darasin ba ya bukatar ɗan ludo. A sami marafan kwalbar lemo guda shida, a rubuta 1 zuwa 6 a cikinsu, a zuba a hula ko 'yar jaka. Yaro ya zaro ɗaya ba tare da ya leƙa ba, ya karanta, ya mayar. Lissafin bai canza ko kaɗan ba. Kafin a shigar da shi aji kuma, shugaban makaranta ya gabatar da shi ga kwamitin kula da makaranta da limamin unguwa, su gani da idonsu. Inda suka ce a bari, a bari.

Na biyu shi ne, anya ba za mu ɗanɗana wa yara zaƙin caca da hannunmu ba? Wannan tsoro gaskiya ne, in aka bar wasan ba sharaɗi. Don haka kada a sa komai a kansa, ko alewa, ko gyaɗa, ko marin kai. A riƙa rubuta maki a allo ko a littafi, domin rubutun shi ke nuna wa yaro cewa sa'ar jiya ba ta bin sa bashin ta yau. Babba ya riƙa faɗin dalilinsa a fili: "Ina da 22, na tsaya." Kuma a yanke lokacin tashi tun kafin a fara, a tashi a kansa ko wasa ya yi daɗi, balle in an kira salla. Wannan ma "na tsaya" ce.

Ga 'yan shekara huɗu zuwa shida, a rage makin ƙarshe zuwa 30, a ƙirga da 'ya'yan tsamiya ko ƙwallon dabino, a haɗa ƙarami da yayarsa su zama ɓangare guda, don in tarin ya zube su raba takaicin. Zai yi kuka ranar farko, a rarrashe shi amma kada a mayar masa da abin da ya zube. A aji biyar da shida kuwa, a raba yara gida uku: masu tsayawa bayan zara ɗaya, masu tsayawa a 20, da masu zara goma ba tsayawa. A yi zagaye talatin, a tara, a bar su su faɗi abin da suka gani. Tarawa ce, ƙididdiga ce, tarbiyya ce, kuma ba ta cin ko kobo daga kuɗin makaranta.

Ina roƙon shugabannin reshe su ware mintuna ashirin a taronmu na gaba mu buga shi mu da kanmu, daga malaman Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har na Kuchi da Girkau. Ba na shakkar za mu yi dariya. Ba na kuma shakkar cewa wani daga cikinmu, wanda albashinsa ke shiga waya ranar biya ya bi jirgi, zai koma gida da abin tunani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa wa aikinmu albarka.