Launin Ruwan Madara da Kuɗin Lauya

Duk wanda ya saurari jitar Bombino ko ta Mdou Moctar ya ji aikin wata 'yar na'ura da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi: maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa sau dubbai, tana kama kaɗawar tsirkiya ta miƙa wa lasifika. A Amurka an shekara arba'in da ɗoriya ana takun saƙa a kan launin robar da ake naɗa wayar a jiki.

Seth Lover, ma'aikacin kamfanin Gibson, shi ya haɗa naɗi biyu wuri guda don kashe gurnanin lantarki da ke damun makaɗa. An nemi takardar mallakar fasahar a 1955, aka samu a 1959. Na'urorin farko sun fito da 'yar takarda a gindinsu mai cewa an shigar da neman mallaka, daga taƙaicen wannan rubutu na Turanci makaɗa suka raɗa musu suna PAF. Robarsu akasari baƙa ce, amma wasu sun zo da launin ruwan madara, ba wanda ya kula domin murfin ƙarfe ya rufe su. Sai da makaɗa suka fara cire murfin aka gani, aka kuma so.

Dokar lokacin shekara 17 ta ba mai ƙirƙira, don haka fasahar Lover ta zama ta kowa a 1976. Haka ya kamata: ka ci moriyar basirarka, sannan jama'a su gada.

Sai ga Larry DiMarzio na New York, wanda ya yi suna da na'urarsa Super Distortion a farkon shekarun 1970. A 1981 kamfaninsa ya yi rajistar naɗi biyu masu ruwan madara a matsayin alamar kasuwancinsa, kuma sunan PAF ma ya yi rajistarsa. Ita alamar kasuwanci ba ta da wa'adi, muddin ana sabunta ta. DiMarzio yana da hujja: shi ya yi ta sayar da wannan launi a buɗe har ido ya saba, kuma a 1995 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a shari'ar Qualitex cewa launi kaɗai na iya zama alama. Sai dai mai sayen ruwan madara yau, sau da yawa kamannin tsohuwar jitar Gibson Les Paul ta 1959 yake nema, ba ya tunanin DiMarzio ko kaɗan. Aikin alama shi ne hana a ruɗi mai saye, kuma da wuya a ga wanda aka ruɗa a nan.

To me ya hana masu sana'ar kai ƙara? Kuɗi. Da yawa cikinsu mutum ɗaya ne ko biyu a ɗan shago, suna naɗa waya suna aikawa ta gidan waya. A Amurka kowa shi ke biyan lauyansa ko da ya yi nasara, kuma dokar alamun kasuwanci ta Lanham ta 1946 ba ta yarda a ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin ba sai a shari'ar da ta fita daban. Wasiƙar gargaɗi guda daga lauya ta isa. Mai shago ya duba aljihunsa, ya koma sayar da baƙi, ko baƙi da ruwan madara a haɗe.

Shari'o'in manya sun nuna tsawon wannan hanya. Gibson ya kai kamfanin PRS kotu a 2000 kan siffar jitar Singlecut. A 2004 aka hana PRS ƙera ta, sai a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ƙarar da Gibson ya shigar kan masu jitar Dean a 2019 ta kai ga diyyar dala 4,000 kacal a 2022, bayan shekara uku ana biyan lauyoyi, sannan a 2024 aka ce a sake shari'ar daga farko. Kamfanin Fender kuwa ya nemi mallakar siffar jitocinsa Stratocaster da Telecaster, hukumar rajistar alamomi ta hana shi a 2009, bayan kamfanoni da dama sun haɗa kai sun ƙalubalance shi.

A 2023 Gibson ya nemi hukumar rajistar alamomi ta soke mallakar DiMarzio a kan ruwan madara da sunan PAF. Abin takaici ne a ce sai kamfanin da ya fi kowa kai ƙara a wannan sana'a ne ke da ƙarfin yin tambayar da ƙananan masu naɗi suka daɗe suna yi a tsakaninsu. Kamata ya yi 'yan majalisar Amurka su sauƙaƙa wa alƙali ɗora kuɗin shari'a a kan mai alamar da ya yi barazana ya faɗi, su kuma masu shaguna su bi sahun waɗanda suka haɗa aljihu suka tunkari Fender.