DAGA BAKIN ALLO: Allin Launi da Shanun Ƙauye

A wannan wata filin namu zai yi magana ne a kan darasin da ya fi kowane zama maraya a makarantunmu, wato zane. A jadawali yana nan da lokacinsa, amma da lokacin ya yi sai a tura yara shara ko a ƙara musu lissafi. In ka tambayi dalili sai a ce babu kayan aiki. To, akwai wani irin zane da kayansa ke ƙarƙashin ƙafarmu, shi ne zane da allin launi, wanda Turawa ke kira fastel.

Fastel dabam yake da kirayon ɗin da yara ke saye a kanti. Garin launi ne ake kwaɓawa da ɗan ruwan ƙaro, a mulmula shi kamar yatsa, a shanya. Babu mai a cikinsa, ba a jiƙa shi, kuma in an yi zane ba a jiran ya bushe. Shi ya sa ya dace da mai zanen dabba, don saniya ba ta tsayawa ta jira kowa.

Mutum biyu sun isa misali. Na farko shi ne Jean-François Millet, ɗan manomi da aka haifa a Faransa a 1814. A 1849 ya koma ƙauyen Barbizon, ya riƙa zana makiyaya da tumakinsu da mata masu aikin gona. Tsakanin 1865 da 1869 ya yi wa wani mai kuɗi, Émile Gavet, zanen fastel wajen 90. Da aka baje su a Paris a 1875, shekarar da Millet ya rasu, cikin masu kallo har da wani saurayi mai shekara 22, Vincent van Gogh, wanda daga baya ya riƙa kwaikwayon ayyukan Millet yana koyo.

Na biyu shi ne Frank Reaugh na Amurka, wanda iyayensa suka kai shi jihar Teksas a 1876. Ya tarar da shanu masu dogon ƙaho suna kiwo a fili babu shinge, ya riƙa bin su da 'yan ƙananan takardu da allin da yake haɗawa da kansa. Kafin ya rasu a 1945 an kewaye filayen nan da waya mai ƙaya, wannan irin kiwo ya wuce. Wanda ke son ganin yadda abin yake a da, zanen Reaugh na cikin abin da zai duba.

Nan ne maganar ta shafe mu. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce sun sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya fi mita 5. Yau babu raƙumin dawa a can. Ko na yankin Kure, kusa da Yamai, a 1996 saura kamar 50 suka rage, kafin a tashi tsaye a kare su har suka haura 600. Burtali na ƙanƙancewa, gari na cinye gonaki. Jajayen shanun Bororo, da azawak, da kuri mai kumburarren ƙaho na tafkin Chadi, wane yaro ne a ajinmu zai iya bambanta su? Yaron da ya zauna ya zana su ba zai sake haɗa su ba, domin zane koyon dubawa ne.

Ga yadda malami zai haɗa allinsa. A daka jan ƙasa ta yi laushi a tankaɗe. A jiƙa ƙaro kaɗan, irin wanda almajirai ke sa wa tawada. In ƙaron ya yi yawa allin zai yi tauri ya ƙi kama takarda, in ya yi kaɗan zai farfashe. Gawayi zai ba da baƙi, bula ta wanki shuɗi, ƙasa mai ruwan ɗorawa ta ba da rawaya, shuɗi da rawaya su ba da kore. Farar ƙasa ko guntayen allin aji su ne na rage kaifin launi. A shanya a inuwa. Takarda kuwa mai kaushi ake so, kuma ta buhun siminti, in an karkaɗe ta, tana yi sarai, ga shi launinta ya yi kama da na ƙasarmu.

Wajen zanen, a fita da hantsi ko azahar, lokacin da shanu ke kwance suna tuƙa. A fara da manyan siffofi: gangar jiki, tozo, wuya, sannan ƙaho. Launi mai duhu ake fara sawa, mai haske ya biyo baya. A nuna wa yara cewa bishiyar da ke nesa ta fi ta kusa dusashewa, balle da hazo, kuma inuwar farar saniya ba baƙa ba ce, tana da ɗan shuɗi. Kada a cika murzawa da yatsa, launi zai yi dauɗa. In an gama a rufa wata takarda a kai, kada a goga.

Wasu iyaye ba sa son a zana abu mai rai, kuma dole malami ya girmama wannan. Ɗansu ya zana rumbu, ko gawo, ko gonar gero bayan girbi. Aikin ido ɗaya ne.

'Yan'uwana malamai, mu mayar wa zane lokacinsa. Wanda ya gwada da ajinsa ya rubuto mana yadda ta kaya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.