Kujera ɗaya, mutum biyu, littafi babu



Mu a Dodoru, tun 2007 mutum biyu ne ke karɓa-karɓar kujerar sanatan Kebbi ta Tsakiya, wadda Gwandu da Kalgo ke ƙarƙashinta. Muhammad Adamu Aliero, tsohon jami'in kwastan, ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya wuce majalisar dattawa. A ƙarshen 2008 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi ministan Abuja, sai Abubakar Atiku Bagudu ya gaji kujerar. A 2011 suka kara, Aliero yana CPC, Bagudu ya kayar da shi. A 2015 suka haɗu a APC, Bagudu ya zama gwamna, Aliero ya koma majalisa. A 2023 suka sake karawa, wannan karon Aliero yana PDP, ya rama. Wanda ya faɗi ya zama ministan kasafin kuɗi, wanda ya ci kuma ya dawo APC a 2025.

Da ɗayanmu ne ya ƙirƙiro wannan a littafin hikaya, da mun ce ya zuba gishiri da yawa. Amma ni dai ban taɓa riƙe littafin Hausa da ya ba da wannan labari ba. Abin da na saba gani shi ne littafin ƙaddamarwa: hoton maigida a bango, babi uku kan kirkinsa tun yana makarantar allo, a taru a Birnin Kebbi a sanar da gudummawa, shi ke nan. Wannan aikin maroƙi ne, kuma maroƙi ya fi mu iya shi, ga shi da kalangu.

Tarihin minista yana buƙatar tambayoyin da ba a yi a wajen walima. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin Aliero a 2006, me ya sa aka kai ta can, kuma 'ya'yan wa ta ɗauka? Shirin bashin manoman shinkafa da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, zamanin Bagudu, wa ya samu, wa ya biya? Amsar tana bakin manomin fadama da dillalin kasuwar Jega, kuma su ba sa karanta littafin Turanci.

Na san za a ce tsoro, garin ƙarami ne, kowa surukin kowa. Gaskiya ne. To ai ba zagi nake kira a yi ba. Mai zagi da mai yabo duk ba sa bincike. A fara da kwanan wata, da sakamakon zaɓe, da hira da mutanen da aka yi abin a gabansu tun suna raye. Wanda ke Gwandu ko Kalgo kuma yake son mu raba aikin, ya yi magana a ƙasa, ni na ɗauki zaɓen 2011.