Wa Zai Koya wa Fiyano Hausa?

Duk wanda ya halarci biki a zangunanmu, daga Kumasi har Nima, ya ga yadda fage ya sauya. Inda a da makaɗa biyar ko shida ke jeruwa da kalangai, yau saurayi ɗaya ne a bayan fiyano mai haɗa kiɗa da kansa. Ya danna da hagu, na'ura ta saki ganguna da jita da busa a tare, shi kuwa ya bi karin waƙa da dama. Dattawa na cewa a kori wannan baƙo, matasa na cewa kwamfuta ta riga ta gaje shi. A ganinmu duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki.

Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shiga situdiyoyin Kano, kuma da shi aka gina kiɗan finafinan da muka riƙa saye a kaset. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan yana hannunmu. Me muka zuba masa? Larabawa da Turkawa sun riƙe karinsu gam, har Yamaha ya ƙera musu jerin PSR-A, Korg ma ya fitar da samfurin Pa mai ɗauke da kayan kiɗansu da ma'aunin sautinsu. Mu kuwa muka tarar da sarewar Indiya a ciki, muka ɗora mata baitin Hausa, muka ce an ci gaba.

Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matsa tsarkiya a hammata, sauti ya hau ya sauka yadda harshenmu ke yi, har mai kirari ya gane sunansa ba a furta ba. Da shi Mamman Shata ya yi zamaninsa. Yaron zango da Hausarsa ta fara gauraya da Twi da Turanci, in bai ji wannan a biki ba, a ina zai ji shi?

Masu sana'a za su ci gaba da naɗar waƙa a kwamfuta, amma a fage fiyano zai daɗe, domin shi ke juya kiɗa nan take idan uwar amarya ta shigo. A gida kuma shi ne malamin yaron da ba makaɗi a unguwarsu. Manyan samfuran yanzu suna karɓar sautin da mutum ya naɗa da salon da ya tsara da kansa, saboda haka uzuri ya ƙare.

Mu nemi tsofaffin makaɗan da suka rage mana, a naɗi hannunsu, a biya su, a rubuta sunan kowa a kan salonsa. Wanda ya kwashi kiɗansu a ɓoye ya cusa a na'ura, sata ya yi. In kuwa muka yi sakaci har suka ƙare, jikokinmu za su yi rawar aure da kiɗan da ko kirarin kakansu bai sani ba.