Mota ta shiga gareji da ƙafarta, bayan gyara ta ƙi tashi

1/ Da kaina na tuƙa motata na kai ta gareji. Kuloci ne kawai yake sulɓewa. Aka gyara, aka ɗaure, na murɗa makulli sai na ji "ƙas". Shiru. Bakanike ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, batirinka fa ya mutu." Zare ne, ku biyo ni, na san da yawanku an taɓa faɗa muku wannan magana.

2/ Bari in faɗi matsayata tun yanzu. Motar da ta tashi da safe, aka taɓa ta da rana, ta ƙi tashi da yamma, laifin yana inda hannu ya shiga har sai an gwada an ga ba haka ba ne. Eh, kaya yana iya mutuwa a ranar gyara. Amma ba daga nan ake fara zargi ba.

3/ Motar Corolla ce 2006 mai giyar hannu. Kafin a kai ga kuloci sai an cire batir, an kwance kik, an zare wayoyi, an sauke giya gaba ɗaya. Wato duk abin da yake tayar da motar an taɓa shi a ranar. Amma wai batir ne, wanda ya kawo ni tun daga gida lafiya lau.

4/ Aka aro batir daga wata mota aka ɗora. "Ƙas." Sai zance ya koma, "To kik ne ya ƙone. A tura yaro Ƙofar Ruwa ya nemo ɗan Beljiyam." Wallahi har na buɗe manhajar banki zan tura kuɗi. Magariba ta kusa, gobe ina da aiki, kuma ka san yadda mutum yake jin kunyar musu da mai sana'a a gaban yaransa.

5/ Abin da ya tsayar da ni tambaya ɗaya ce da ta zo mini: in batir ba shi ne ba, kuma ba a gwada shi ba aka ce shi ne, me ya sa zan yarda da maganar kik da shi ma ba a gwada ba? Na ce, "Oga, don Allah a kira mai rewaya ya duba tukuna." Ransa bai so ba, amma ya aika.

6/ Wani dattijo ne ya zo, da 'yar mitarsa a aljihun riga. Ya ɗora a kan batirina: 12.5. Ya ce, "Ɗana, wannan batirin ƙalau yake." Batir mai cikakken caji yana nuna kusan 12.6 idan mota tana kashe. In ya sauko wajen 12 ya yi rauni. In ana kik ya faɗo ƙasa da 9.6, to nan ne za a fara zarginsa.

7/ Ya ce in kunna manyan fitilu in murɗa makulli. Fitilu ko ƙyaftawa ba su yi ba. Da batir ne ya gaza, ko kan batir ne bai kama ba, da sun dushe lokacin da kik ya ja wuta. Tunda ba su dushe ba, kik ɗin bai ma samu wutar da zai ja ba.

8/ Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Wuta ba tafiya kawai take ba, sai ta dawo. Tana fita daga batir ta jar waya mai kauri zuwa kik, ta bi ta ƙarfen injin, ta dawo batir ta baƙar waya da aka ɗaure a jikin giya ko injin. Kik yana jan sama da amfiya 100. Rediyo da fitilun dashbod ba sa jan ko kusa da haka. Shi ya sa za ka ga komai ya kawo wuta, hon yana ƙara, mota kuma ba ta motsa ba.

9/ Baba ya ɗauko wayar jona batir, ya maƙala baki ɗaya a ɓangaren baƙar waya na batir, ɗayan a ƙarfen injin. Ya ce, "Murɗa." Mota ta tashi bugu ɗaya.

10/ Ashe baƙar wayar nan yaron da ya mayar da giya ya ɗora ta a wurinta bai ɗaure notin ba. Tana lilo ne kawai. Noti ɗaya. Shi ne na kusa sayen kik a kansa, bayan na kusa sayen batir.

11/ Kuma kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. In babbar wayar ba ta kama ba, wuta tana neman hanyar dawowa ta ƙananan wayoyi da ba a yi su don wannan nauyi ba. Ka yi ta murɗa makulli da fushi, sai ka ji warin roba. A nan ne gyaran noti ɗaya yake zama gyaran wayoyin mota. Tun kafin Baba ya zo yaran suka ce a tura ta ta tashi. Na ƙi. Ko ta tashi, ciwon yana nan, zai jira ni ne a bakin danja.

12/ "Mota ta ƙi tashi" ba ciwo ɗaya ba ne, kuma kunnenka ya isa ya raba su. In shiru ne ko "ƙas", wuta ce: batir, kan batir, baƙar waya, ƙaramar wayar kik, fiyus. In otomatik ce ka tabbata tana P, ka gwada ta a N. Wasu masu giyar hannu kuma sai ka taka kuloci har ƙasa.

13/ In injin yana juyawa "gir-gir-gir" amma bai kama ba, a ƙyale batir da kik, sun yi aikinsu. Saura mai, tartsatsin fulogi, da taimin. Bayan gyara, abin da ya fi yawa soket ne da aka zare aka manta: na sensar da ke gaya wa kwamfutar mota cewa injin yana juyawa, ko na kwail. A yawancin motoci in ka buɗe makulli za ka ji famfon mai ya yi "zzz" na daƙiƙa biyu. Wasu Toyota ba sa yi sai ana kik, don haka kada a yanke wa famfonka hukunci a kan wannan kawai.

14/ In bel ɗin taimin aka canza sannan ta ƙi kamawa, ka karɓi makullinka. A injina da yawa, in an kuskure saiti sosai, fistin yana dukan bawul. A buɗe a duba alamomin saiti kafin a sake murɗawa. Kuma ko a wane hali kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, zafi yake ɗauka.

15/ Wanda ya fi ba ni haushi shi ne "biren bos ne". Kalmar da ake jefowa idan dabara ta ƙare, kuma ita ce mafi tsada. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. A jona. In ta nuna P0335, layin waccan sensar take nufi, kuma sau da yawa soket ne ko waya. Lambar tana nuna inda za a duba ne, ba abin da za a saya ba.

16/ Ban ce bakanikawa ɓarayi ba ne, kafin wasu su cika mini akwati. Nawa bai yi niyyar cuta ta ba. Ya saba ne da canza kaya har a dace, don kuɗin kuskuren ba daga aljihunsa yake fita ba. Mu ma muna da namu. Za mu biya kuɗin kik ba musu, amma a ce a biya mai mita kuɗin dubawa, sai ka ji "ai bai yi komai ba". Ga tsayawa a kan mutum ana "yi sauri, yi sauri" yana haɗa giya.

17/ Yanzu kafin a taɓa motata sai na tayar da ita a gaban mai gyara, na ɗauki bidiyon dashbod da hoton cikin bonet. In an ce abu ya mutu, a nuna mini da mita, kuma a ba ni tsohon in tafi da shi.

18/ Da aka ɗaure notin, oga ya share hannu ya ce, "Ai dama na yi tunanin wayar nan." Baba ya yi murmushi bai ce komai ba. Na sallame shi, na ƙara masa a kan abin da ya nema. Yaron kuma na roƙa kada a dake shi. Batirin da aka ce ya mutu shi ne a motar har yau.